Sirdin Jar Fata

A shekarun da kuɗin fetur ya hau wa mutane kai a gida, gwamnati ta turo ni Landan karatun injiniya. A Catford nake zaune, ɗaki ɗaya da wani ɗan garinmu wanda karatunsa bai wuce sayen takalma ba. Ranar Asabar idan ya nufi kantuna, ni sai in hau bas zuwa wani ƙaramin gidan tarihi na babura a bayan Lewisham, tsohon sito mai sanyi kamar cikin randa, inda nake aikin sa kai.

Yakan ce mini, "Haba ɗan'uwa, government ta yi sponsoring ɗinka don ka zo kana goge wa Turawa tsatsa?"

Wanda ya tashi a bayan mota ba zai gane ba. Babana malamin dabbobi ne. A kan babur ɗin Ingila ya zaga ƙauyuka yana yi wa shanu allura, sau da yawa ina zaune gabansa a kan tanki. Da yayana ya sami kwangila sai ya saya masa mota har da direba, ya kwashi babur ɗin ya ba maƙera ba tare da ya tambaye shi ba. Baba ya sa albarka kamar yadda ya kamata, amma tun daga nan ba ya zuwa ko'ina sai masallaci.

Wata Asabar na tarar an kawo wani babur da ya yi zaman Arewa. Na wani tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya mutu, matarsa ta ba da shi kyauta. Ina ganin babur ɗin na matsa kusa. An ɗaure salansarsa da waya, an naɗe hannuwansa da robar tsohon tiyub, irin gyaran makanikanmu. Sirdinsa kuwa jar fata ce, aikin dukawa, da ɗinkin kore da baƙi a gefe, tsakiyar ta yi duhu saboda zama. Irinsa sak Baba ya sa aka yi wa nasa. A take na ƙudurta cewa idan sirdin nan ya zo hannuna, Baba zan kai wa.

Mai kula da mu wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga masana'antar motoci ta Dagenham. Mutumin kirki ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Dokarsa ita ce kowane babur a mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta. Na ce masa wayar nan da robar nan ai su ne tarihin. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce tunda na san yadda aka ɗaura su, ni zan fi iya kwance su. Haka na yini ina kwance aikin mutanenmu da hannuna, raina a ɓace.

Da lokacin shayi ya yi, ya ɗaga sirdin a gaban sauran masu aikin, ya dube ni.

"Kana so?"

"A'a, na gode, ku bar shi kawai," na ce.

Abin da aka koya mini ke nan. Babba ba ya miƙo maka abu a gaban jama'a ka yi caraf ka karɓe kamar mayunwaci. Za ka ƙi, ya sake miƙowa, ka sunkuyar da kai, ya ce rantsuwa zai yi, sannan ka sa hannu biyu. Na tsaya ina jiran ya sake. Shi kuwa ya ɗaga kafaɗa, ya jefa sirdin cikin kwalin tarkace, ya tambaya wa ya shanye madara.

Duk makon ina ce wa kaina dattijo ne, ya gane, zan tarar ya naɗe mini shi a takarda. Da na koma, kwalin babu komai. Ban tambaya ba, don a lokacin tambaya ta zama roƙo.

Bayan 'yan makonni dattijon ya gayyace ni wani gidan shayi a bakin babbar hanya, inda masu babura ke taruwa ranar Lahadi. Ya goya ni a bayansa, iska tana yanka mini fuska. Wurin warin man inji da soyayyen dankali kawai yake yi. Samari da 'yan mata cikin rigunan fata suna zagaya baburan juna, kowa da kofinsa, ba mai gaishe da kowa sai ɗaga haɓa. An kalle ni, an kau da kai, wasu kuma sun matsa mini wuri a benci.

Wani ƙato mai gemu ya juya baya zai karɓi shayi, sai na ga ɗinkin kore da baƙi. Ashe hannunsa sirdin ya faɗa, ya yanka shi, ya ɗinke gefen mai ado a bayan rigarsa, tsakiyar kuma ya tsaga ta siri-siri ya rataya a hannuwan babur ɗinsa. Dattijon ya kira shi, ya nuna ni da murna, ya ce daga ƙasata abin ya fito. Ƙaton ya girgiza mini hannu har sai da ya yi zafi, ya ce bai taɓa ganin fata mai kyau irinta ba. Na ce masa na gode. Ban san me nake gode wa ba.

Da muka fito na ce wa dattijon, ai babana na so in kai wa sirdin.

Ya tsaya da hular kwano a hannu, yana kallona kamar na ba shi labarin da ba shi da kai.

"To ai na tambaye ka," ya ce.