Ranar da Jirgin Malam Abdulmumin Ya Yi Dogon Usur

A duk faɗin ƙasar Makoda babu ƙauyen da ya kai Unguwar Ɗorawa tsaro, kuma kwamitin sintirinta bai taɓa cutar da marar laifi ba. Shugaban kwamitin, Alhaji Kamaruddeen mai fataucin shanu, shi ya faɗi haka a wurin wani suna, kuma har yau ba a sami wanda ya kai ƙara ba. Wannan jinjina ta mutumin da ya sa maganar ta tsaya da ƙafarta ce: Malam Abdulmumin Mika'ilu, mai gyaran lagireton mota, mai ɗaukar hoto ranar kasuwa, kuma mai layin dogo ɗaya tilo a ƙauyen, wanda tsawonsa bai wuce na zaure ba.

Da an idar da sallar asuba, maza su saɓi fartanya, shi kuwa ya buɗe tsohon siton gyaɗar gidansu. A cikin siton nan har yanzu zamanin kwal ake ciki. Bisa wasu katakai akwai dogo da ya ƙera da ƙarfen tsofaffin laima, da taragai na gwangwanin madara, da tasha mai rufin kwano wadda ba ta fi kwalin sukari ba. Matarsa Turai ce ta ɗinka buhunan gyaɗar da ake lodawa, kowanne kamar ƙwayar wake. Yakan jiƙa tsumma da kananzir ya bi dogon yana gogewa a nitse, yadda ya ga mahaifinsa Mika'ilu yana goge jikin kan jirgi, can lokacin da yake aikin zuba kwal a jirgin da ke jigilar gyaɗa.

Hoton jirgin shi ne babban aikin. In gari ya yi haske sai ya kinkimi katakan zuwa bakin gona, ya kwanta rubda ciki, ya ajiye kyamara a ƙasa, yadda bishiyoyin kuka na nesa za su fito daidai da girman ɗan jirgin. Ya kunna tsumma mai baƙin mai a bayan bututun hayaƙi, ya jira iska ta kwantar da hayaƙin baya, sannan ya danna. Wani dattijo ya taɓa ganin ɗaya daga cikin hotunan a rumfarsa ta kasuwar Makoda, ya rantse ya hau wannan jirgin da ƙuruciya, har ya nuna tagar da ya zauna. Malam bai ƙaryata shi ba, sai ma ya tambaye shi ko tafiyar ta yi daɗi. Duk shekara malaman firamare na kawo 'yan aji kallo, bai taɓa karɓar ko goro ba. Rabin magidantan Unguwar Ɗorawa a siton nan suka fara ganin jirgin ƙasa, wasunsu kuma a nan suka ƙare ganinsa.

Abu guda ya daɗe yana damunsa: jirgin da batir yake tafiya, hayaƙin kuma na tsumma ne. Sai ya yi ta tara tagulla daga matattun lagireto, har ya ƙera ƙaramin kan jirgi na gaske, mai tukunyar ruwa da lagwani a ƙarƙashi. Ya sa masa agogon da ke nuna ƙarfin tururi, ya ja jan layi a inda bai kamata allurar ta wuce ba. Ya sa usur. Ya kuma sa wani ɗan bawul da ke buɗewa da kansa in tururi ya yi yawa, don kada tukunyar ta fashe. Shi wannan bawul yake kira hanci, don ta nan jirgin ke numfashi.

Da a wata shekarar ya gama shi, da an yi guɗa. Amma ya gama shi a daminar da labarin ɓarayin daji ya fara matsowa daga yamma. An tare shanun Alhaji Kamaruddeen a hanyar dawowa daga kasuwa, an kora su, makiyayinsa ya dawo da karyayyen hannu. Gero ya yi tsawo ya rufe hanyoyin gona, kuma a ƙauyen da gonar kowa ke manne da katangar wani, duk motsin kara sai gaba ya faɗi. Wata kalma ta shiga bakin kowa, har tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba: infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. An ce a wani gari an rufar wa wani mutum don an gan shi yana waya a bayan gari, sai bayan an gama aka gane da surukarsa yake magana.

A irin wannan lokacin ne Malam Abdulmumin ya ga sabon jirginsa ya cancanci gada. Ya tafi kwalbatin da ke mashigar gari don ya kwaikwayi gininsa, ya auna faɗinsa da igiya, ya shiga ƙarƙashi ya ƙirga bulo, sannan ya kwanta rubda ciki a cikin gero yana ɗaukarsa hoto. Haka yake aiki tun kafin a haifi yawancin 'yan sintirin. Amma Tahir, mataimakin Alhaji a kwamiti, da ya hango shi daga kan babur, ba Baban jirgi ya gani ba. Mutum ya gani a ɓoye cikin gero yana ɗaukar hoton hanya ɗaya tilo da mota ke shiga garin.

Kafin hantsi ya dubi ludayi an buɗe siton. Aka sami tukunyar tagulla a rufe ruf, da bututai, da lagwani, ga kuma agogo a jiki. Duk wanda ya taɓa kallon waya ya san abin da ake kira tukunya mai agogo: bam. Tahir ya jefa ta a buhu tare da dogon, ya ɗaure a bayan babur, ya bi ramukan hanya zuwa ƙofar gidan mai unguwa.

Jama'a ta cika wurin. Akwai masu gora, akwai masu adda. Malam, da aka taso ƙeyarsa daga gero, na durƙushe a tsakiya, ya lura da wani saurayi riƙe da ƙaramar jarka, kuma daga warin ya san fetur ne a ciki, ba ruwa ba. Ya san fuskar kowa a wurin, ya ɗauki yawancinsu hoton fasfo, amma bai ga ko ɗaya da ya san shi ba.

Turai ta ratso taron da hijabinta a karkace. Ta ce, "Tahir! Ba kai ne ka jiƙa wando ba ranar da aka kawo ajinku kallon jirgi? Ni na wanke maka shi!"

Wasu suka yi dariya, gajeriya. Tahir ya ce, "Inna, wancan na batir ne. Wannan fa? Me ya kai agogo jikin abin wasa?"

Malam ya ce, "Ba lokaci yake nunawa ba, ɗana. Tururi yake aunawa."

Wani ya ɗaga murya daga baya: "To gadar fa, Baba? Ita ma tururi take yi?"

Alhaji Kamaruddeen ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ba mugun mutum ba ne, shanunsa aka kora, kuma tun ranar bai yi barcin kirki ba. Ya ce, "Mu ba ma zalunci. Malam, ka ce jirgi ne. To ka shimfiɗa hanyarsa ka kunna. In ya zagaya, jirgi ne. In ka kashe wutar kafin ya zagaya, mun gane."

Malam ya zazzage buhun ya haɗa dogon a ƙasa. Da ya ɗauki kan jirgin sai ya ga ramukan hanya sun yi masa ɓarna. Hancin ya lotse, hannun usur ya karye saura ɗan guntu, sandar da ke juya ƙafafun kuma ta ɗan lanƙwashe.

Ya ce, "Alhaji, a ba ni filaya in gyara wani abu tukuna."

"Ka gyara ko ka kwance?" in ji Tahir. "Yadda muka same shi, haka za a kunna."

Malam ya zuba ruwa, ya kunna lagwani. Aka ja da baya, amma kallo ya fi tsoro ƙarfi, cikin ɗan lokaci mata da yara suka sake matsowa har inuwarsu na taɓa dogon. Shi kaɗai ya san abin da tukunyar tagulla ke yi in ta rasa hanci. In ta fashe, tafasasshen ruwa da gutsattsarin ƙarfe za su sami fuskokin nan, kuma babu mai tsayawa jin bayani, jarkar nan za a buɗe. In ya hure wutar, ita ɗin dai za a buɗe.

Ruwa ya fara tsuwa. Allura ta tashi a hankali. Ya buɗe wa ƙafafun tururi, suka motsa kaɗan suka cije. Allura ta taɓa jan layi. Ya saurari hanci, shiru. Allura ta wuce.

Sai ya ce bismillah, ya kama guntun hannun usur da babban yatsa da manuniya na dama, ya ja. Ƙara ta tsaga wurin. Mutane suka zube, wasu suka tsallake katanga, Alhaji da babbar rigarsa ya sami kansa a cikin kwata. Tururin kuwa kan yatsun Malam yake fita kai tsaye. Bai saki ba, don ta nan kaɗai tukunyar ke samun numfashi. Da hagu ya danna sandar ta miƙe. Ƙafafun suka juya, jirgi ya ja taragansa ya kama hanya. Allurar na ta rawa a bakin ja, don haka ya bi shi da rarrafe, hannu a kan usur, dattijo mai furfura yana jan gwiwa a ƙasa a bayan abin wasa. Waɗanda suka ɗago kai suka ga haka suka fashe da dariya, irin dariyar wanda ya tsira. Har jirgin ya dawo inda ya tashi usur bai yanke ba. Ya hure lagwani, ya tura hannun dama cikin aljihun rigarsa.

Alhaji ya fito yana kakkaɓe riga. Ya sanar cewa kwamiti ya yi bincike mai zurfi ya tabbatar jirgi ne, kuma wannan ya nuna yadda suke aiki da hankali. Ya nemi a ɗauki kwamitin hoto tare da jirgin, don tarihi. Malam ya ɗauka da hagu. Hoton ya ɗan yi rawa, amma yana nan rataye a shagon Alhaji. Mutanen gari kuwa har gobe suna ba da labarin dogon usur ɗin nan, suna cewa Baba ya yi shi ne don murna.

Sai a gida ya fito da hannun, fatar ta biyo aljihu. Turai, wadda ta ba da wannan labari duk da ya hana ta, ta ce tana kuka tana zuba masa ruwan randa ta tambaye shi me ya sa bai nuna musu hannun ba.

Ya ce, "In na nuna, sai an tambayi wa ya lotsa hancin. Kin ga idon mutanen nan? Sun fito da niyyar dukan wani, ba su samu ba. Tahir yana da 'ya'ya ƙanana."

"Kai kuma ba ka da yatsu?"

"Akwai saura," in ji shi.

Kai ne, ɗan Mika'ilu mai kwal, direban da jirginsa bai taɓa barin ƙauye ba amma ya kai yaran gari tasha. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa a ranar, amma ba ka nemi wanda za ka ɗora wa naka tsoron ba. Washegari Tahir ya kawo maka lagireton motar gidansu kansa a sunkuye, ka karɓa, ka nuna wa wani mai gyara inda yake yoyo.

Yatsun biyu sun warke a lanƙwashe. Ba sa riƙe ƙarfen dalma, ba sa danna kyamara, a zaman tahiya ma manuniyar ba ta miƙewa. A bana Malam Abdulmumin ya rufe rumfar hotonsa ta kasuwa, ya bar wa wasu gyaran lagireto, ya ce tsufa ne. Kowa ya yarda, don bayanin ya fi sauƙin ɗauka.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya, ya jiƙan Mika'ilu. Ga sauran jama'a kuwa, ba a ce kowa ya ƙera jirgi ba. Amma ɓarayin suna nan, tsoron ma yana nan, kuma wata rana za a sake hango wani kwance cikin gero. Kafin a nemo jarka, a matsa kusa a yi masa sallama a tambaye shi me yake yi. Wanda kuma ya ga taro ya fusata, ya tuna akwai wanda ya taɓa riƙe tururi da yatsu don kada a doki kowa.

Kwamitin sintiri na Unguwar Ɗorawa yana nan da sunansa mai kyau, bai taɓa cutar da marar laifi ba. Gadar ma an gama ta, da hannun hagu, ta ɗan karkace. In ka bi ta bakin gonar da sassafe za ka ga Malam kwance rubda ciki, ya saita kyamara, hannun dama a ɓoye ƙarƙashin ƙirjinsa. Turai na tsugune a gefensa, yatsanta a kan maɓalli. Sukan jira har iska ta kwantar da hayaƙin baya, sannan ya ce a hankali, "Yanzu, Turai."