Dutsen da ya sauka a iyakar gonarmu

Jama'a, abin nan a Dogo-Dogo ya same ni, shekarun baya, ana noman farko, kuma wallahi ban ƙara ko gishiri ba.

Muna rigimar iyakar gona da ƙanena Ilu, shi ya ce gambar da ta raba mu ta matsa, ni na ce ƙarya, har bakina ya kai ni na ce gaban dattawa: "In na ci maka kunyar gona ɗaya, aradu ta faɗa mini!" Allah Ya yafe mini wannan rantsuwa.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sama tas ba hadari, ina duƙe da hauya sai wani haske ya keto daga gabas, fari da wutsiya shuɗiya, kyansa kamar ka yi ta kallo. Can sai ƙara, ƙasa ta yi tsalle kusa da gambar. Innalillahi!

Kafin azahar gari ya ɗauka: aradu ta biyo mai rantsuwar ƙarya. Sai ga tsohuwa Iya Tasalla da ƙwaryar nono za ta zuba a ramin, wai gatarin aradu ya fito.

"Iya, aradu ba hadari?"

"Rufe baki, ɗan nan, kai ka kira ta."

Gona da mutunci duk sun kama hanyar tafiya. Ilu da kansa ya sa hannu ya tona, ya ciro dutse baƙi ƙirin, sumul, nauyi kamar ƙarfe. Ƙarƙashinsa kuma sai ga dutsen niƙan da kakanmu ya binne alamar iyaka, wanda muka yi ta nema ba mu gani ba. Daidai gindin gambar yake, ba ta matsa ba. Ilu ya zauna daɓas, ya ce, "Yaya, yafe mini."

Daga baya 'yata mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magarya ta nuna mini a salula cewa duwatsu ne ke yawo a sama, wasu kamar tsauni, kuma akwai masu bin su da madubin hangen nesa, su san ranar da kowane zai gitta kusa da duniya. Kai, bayin Allah nan sun burge ni! Ta ce ƙanana irin namu sukan kuɓuce musu.

To, wa ya nuna wa ƙaramin dutsen nan iyakarmu? Ku kama bakinku, jama'a, akwai abin da ke wucewa bisa kanmu.