Mai Haɗa Sunayen Kifin Teku

A shagon intanet ɗinsa da ke Daɗin Kowa, Jelili yana kallon wata mata mai hijabi ruwan toka, tabaraunta ɗaure da zare. Da yatsa ɗaya take buga kwamfuta. Yana zaton 'yar kasuwa ce.

"Hajiya, kifi kike oda?"

"A'a. Kowane kifin teku, masu bincike na Legas sun ba shi suna, na Kalaba wani daban. Kwamfutocinsu ba sa gane juna, shi ne nake haɗa sunayen."

"Kin taɓa ganin tekun?"

"Maigidana ya gani. Aikinsa ne. Yana kan suna na ɗari uku Allah ya karɓe shi."

Ba ta ɗago ba. Tana buga na ɗari huɗu da tara.