Nas Mai Kife Na'ura

A ɗakin maza akwai wata nas mai furfura, tabaraunta ɗaure da zare. Asibiti ya raba wa ma'aikatan jinya na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, mai hasashen wanda jikinsa zai rikice. Ita kuwa kowane gado ta je sai ta kife ta, ta kama hannu, ta taɓa goshi, ta leƙa ido, sannan ta duba na'urar. Wataƙila ta taɓa yarda da takarda, ta rasa mutum.

"Sista, tsoronta kike yi?" in ji wani tsoho.

"A'a, Baba. In ta riga ni magana, idona lalaci yake yi."

Ta juyo na'urar, ta karanta, ta ga abin da idonta bai gano ba. Sai ta jawo kujera.

"Sake miƙo hannun nan, Baba."