Mai Walda da Jirgin da Aka Cire wa Nauyi

Shekara talatin da ɗaya Mai Walda ya yi a shago ɗaya, a bakin titin da ya bi ta bayan katangar barikin sojan sama, kuma duk abin da ya tara a shekarun nan bai kai masa bencin ƙofar shagon daraja ba. Gida bai gina ba, har yau haya yake, duk da cewa rabin ƙofofin layin hannunsa ne ya ƙera su. Idonsa na hagu ya fara gani dishi-dishi, bayansa ya ranƙwafa da ɗaukar ƙarfe. Amma da rana ta yi sanyi, sai mutanen layin su taru a bencin nan, kowa da tambayar da ta shige masa duhu. Me ya sa ƙusa take nitsewa a ruwa, jirgin ruwa kuwa da ya fi gida girma ba ya nitsewa? Yaya jirgin sama yake ɗaukar mutum ɗari uku? Shi kuwa sai ya ɗage gilashin walda zuwa goshi, ya ɗauki alli, ya zana musu a ƙasa. Wani lokaci ya sani, wani lokaci bai sani ba, amma bai taɓa barin tambaya ta kwana ba. Injiniya suke kiransa, kuma idan aka kira shi haka yakan yi kamar bai ji ba don a sake kira.

A aji shida na firamare ya tsaya da makaranta. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsu ya rasu, ya ajiye jakar littattafai ya kama riƙe wa wani tsohon mai walda ƙarfe, don Inna da ƙannensa su samu abin kai wa baka. A hannun tsohon nan ya koyi abin da har gobe yake taƙama da shi: ba ya ɗora wuta a kan ƙarfe sai ya san ko wane iri ne. Zai ɗan goga shi a injin gurza, ya kalli tartsatsin. Dogo ne ko gajere, ja ne ko fari, yana rassa ko ba ya yi, daga nan ya gama karanta shi. Idan kuma ƙarfen ya ɗauki zafi, yakan sa hanci, don ƙarfe yana fitar da warin inda ya zauna, gareji ne ko kicin.

Cikin ƙannen da ya yi renonsu, Auta ne ya fi ba shi wahala. Ba rashin ji ba ne, mutum ne mai sanyi, sai dai hannunsa bai kama komai ba. Ya zauna a shagon walda wata huɗu, ya ƙona wando biyu da labulen maƙwabci. Aka kai shi wurin tela, ya riƙa ɗinke wa mutane bakin aljihu. Aka gwada tuƙi, aka gode wa Allah da aka rabu lafiya. Mai Walda yana son ƙanen nan nasa ƙwarai, irin son da ake yi wa wanda aka tabbata ba zai taɓa wuce ka ba. Shi ya yi masa aure, shi ya ƙera masa gado.

Auta ya haura talatin da biyar lokacin da bariki ya ɗauki farar hula aiki, sunansa ya fito. Mai Walda ya yi masa barka har da dafa kafaɗa, amma abin ya tsaya masa a rai. Sau biyu shi ma ya nemi aiki a barikin nan yana saurayi, sau biyu ana tambayarsa takardar shaida, yana nuna musu ƙunar da ke hannuwansa, suna nuna masa hanyar fita. Ga shi yau Auta yana fita da shuɗin kaya, da kati mai hotonsa rataye a wuya. Abin da yake yi a ciki kuwa ba wanda ya sani, don tun ranar farko aka sa kowane ma'aikaci ya sa hannu a takarda cewa abin da ya gani a ciki, a ciki zai bar shi.

Shekara biyar ba wanda ya damu da takardar nan, sai da maganar jirgin ta ɓullo. Direban tankar da yake kai ruwa bariki ne ya fara kawo ta. Ya rantse wata safiya ya ga wani abu ya taso daga bayan rumfar jirage, ba fiffike, ba farfela, ba hayaƙi, ko kukan sauro bai yi ba. Ya tsaya cak a sama, sannan ya ɓace. Kafin mako ya zagayo, maganar ta shiga wayoyi. Aka ce sojoji sun gano yadda ake cire wa ƙarfe nauyi har ƙasa ta daina jansa, kuma gwamnati ta rufe zancen ruf don kada wasu ƙasashe su ji. Wanda bai ga komai ba ma sai ya ce matarsa ta gani tana shanya.

Aka kawo tambayar benci kamar kullum. Mai Walda ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ku daina ba ni kunya," in ji shi. "Nauyi riga ne da za a tuɓe wa ƙarfe? Da ana cire shi, da bayana bai zama haka ba."

Ana cikin dariyar sai ga Auta ya taso daga aiki. Mai Aski, wanda shagonsa yake jikin na Mai Walda, ya tare shi.

"Yauwa, ga ɗan ciki. Auta, don Allah da gaske ne akwai jirgin da ba shi da nauyi?"

Auta ya sunkuyar da kai, ya tura katinsa cikin riga, ya ce, "Ku yi haƙuri, na sa hannu a takarda."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da shi aka gama da bencin Mai Walda. Wa zai tsaya kallon zanen alli ga wanda ya gani da idonsa har aka hana shi faɗa? Washegari mutum huɗu suka zo. Bayan mako biyu, sai wani tsoho kaɗai, shi ma don inuwa yake zuwa. Sauran duk sun koma dakalin gidan da Auta yake haya, suna jiran ya dawo daga aiki. Abin haushin kuma, ba ya gaya musu komai. Idan ya yi shiru, su ce ka gani ko. Idan ya yi tari, su kalli juna. Ranar da ya dawo da ciwon kai, aka ce iskar injin ce ta buge shi.

Kishi dai ya kama Mai Walda, kishi na gaske, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Daga ƙofar shago yana hango taron, sai ya tayar da injin gurza alhali ba shi da abin gurzawa. Ya je gaida Inna, ta ce masa, "Ka rage aiken ƙanenka, ka san aikinsa na sirri ne, kansa yana buƙatar hutu." Shi da ya riƙe gidan nan tun bai fara gemu ba! 'Yarsa ta fari ma, da take aji biyar na sakandare, ta dawo tana murna wai malamin kimiyya ya tambaye ta ko ita ce 'yar wan mutumin nan na bariki. Abin ya kai shi ga ciro maganaɗisu daga tsofaffin sifikun rediyo, ya rufe shago da rana tsaka, yana gwada ko zoben ƙarfe zai tsaya masa a iska. Sau ɗari zoben yana tsalle ya manne. Matarsa ta kawo abinci, ta same shi a durƙushe yana lallashin zobe.

"Baban yara, maimakon wannan wahalar, ka tambaye shi mana. Ƙanenka ne fa."

"Ni? In tambayi yaron da na goya a bayan nan? Allah ya sawwaƙe."

Wata safiya, kafin a buɗe shaguna, Auta ya zo da wani abu naɗe cikin tsohon tawul. Sai da ya leƙa titi sau biyu sannan ya kwance. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai tsawon hannu, da faranti mai huji-huji a ƙarshensa, ya karye daidai wurin lanƙwasar.

"Yaya, a hannuna ya karye. In na kai rahoto sai an yi wata uku ba a kawo sabo ba, kuma sajen da yake kula da mu zai ci mutuncina. Ka taimaka ka haɗa min, in karɓa da yamma, gobe in mayar. Don Allah kada kowa ya gani."

"Na cikin barikin ne?"

Auta ya gyaɗa kai, ya fita da sauri.

Gaskiya gaban Mai Walda ya faɗi. Duk dariyar da yake yi wa maganar jirgin, da ya ɗaga ƙarfen sai ya ji kamar bai kai nauyin da ya kamata ba. Ya kai shi jikin injin gurza. Tartsatsi ya fito dogo, ja-ja, mai rassa kaɗan: ƙarfe gama-gari, irin wanda yake yin ƙafar gado da shi. Ya ɗora wuta. Da ƙarfen ya ɗauki zafi sai wari ya taso, warin maganin nan da ake wanke banɗakin asibiti da shi. Ya duba hujojin farantin, ga zaren mofa, abin goge daɓen ɗaki, ya maƙale a ciki. Hannun matse mofa ne, na jikin bokiti mai taya.

Ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Ashe babban mai riƙe da sirrin gwamnati goge-goge yake yi. Ya dai haɗa ƙarfen, haɗi mai kyau, don ko yana fushi bai iya mummunan aiki ba. Da ya tsaya nan, da ba a ji komai ba. Ya ma yi niyyar tsayawar, wuni ya yi yana gaya wa kansa ɗan'uwa ne, ciki ɗaya. Amma da yamma ya ga Mai Aski ya kulle shago ya nufi dakalin Auta, ko sallama bai yi masa ba, sai zuciya ta ci shi.

"Ku zo ku ga ɓangaren jirginku!" ya ƙwala musu kira.

Suka zo, har da Direba. Ya ɗaga ƙarfen sama, ya nuna musu zaren, ya ba kowa ya sansana, ya ɗauki alli ya zana bokitin da tayoyinsa huɗu. Minti goma benci ya cika kamar da, kuma ya ji daɗin mintocin nan, babu amfanin ɓoyewa. Sai Mai Aski ya shafa gemu ya ce, "Injiniya, kai ma dai. In kai ne gwamnati, za ka ƙera shi ya yi kama da na jirgi? Ai dole su shafa masa wari." Aka ce wallahi haka ne. A daidai nan Auta ya iso. Ya dubi zanen da ke ƙasa, ya karɓi ƙarfen daga hannun wanda yake riƙe da shi, ya naɗe a tawul, ya ce, "Na gode, Yaya."

Direba ne ya kai labarin ƙofar bariki washegari, a matsayin abin dariya, yana jiran a buɗe masa. Masu gadi ba su yi dariya ba. Dokar wurin ita ce ko ƙusa ba ta fita, kuma babu ruwan doka da ko ta jirgi ce ko ta bokiti. Aka tsare Auta wuni guda ana yi masa tambayoyi, aka karɓe katin da shuɗin kayan, aka sallame shi.

Nan da nan layi ya ɗauka: an kore shi ne saboda ya san abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Wai don hannun mofa za a tsare mutum wuni guda? Darajarsa ta ninka, har daga wasu unguwanni zuwa ake yi. Sai dai masu zuwa kallo ba sa zuwa da cefane, ga yara huɗu. Inna ba ta yi faɗa ba, aike kawai ta yi wa Mai Walda cewa tunda shi ya raba ƙanensa da abincinsa, sai ya nema masa wani. Mai Walda ya ba shi kusurwa a shago, yana shafa wa ƙofofi fenti.

Kwana tara suna aiki ba wanda ya taɓo maganar. Rana ta goma Mai Walda ya kasa jurewa.

"Ka ce wani abu mana. Ko zagina ne ka yi."

Auta ya ci gaba da shafa fentinsa. Can ya ce, "Wani dogon baranda ne, Yaya, da ofis takwas da banɗaki uku. Su nake gogewa. Rumfar jiragen ko ƙofarta ban taɓa takawa ba. Ban san ko akwai abin ba, ban san ko babu ba."

"To me ya hana ka faɗa tuntuni?"

"Da farko tsoron takardar nake ji. Daga baya kuma daɗi na ji. Ban taɓa zuwa wuri an matsa min in zauna ba sai lokacin." Ya tsoma burushi a gwangwani. "Amma kai da ka tambaye ni, da na gaya maka. Duk layin nan babu wanda bai tambaye ni ba. Kullum in na biyo ta nan sai in rage tafiya, ko za ka kira ni. Ba ka taɓa kira ba."

Kunya ce ta rufe Mai Walda, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

Yanzu kullum da yamma shagon a cike yake, ya ma fi da cika. Mutane sun dawo, sai dai kusurwar Auta suke fuskanta, bayansu ne yake kallon mai shagon. Ranar nan yana tsakiyar yanka wani bututu, wani baƙo da ya zo daga wata unguwa ya waiwayo, ya ɗaga masa hannu.

"Malam, ɗan kashe injin nan mana. Kamar zai yi magana."

Mai Walda ya dubi ƙanensa, wanda kansa yake sunkuye a kan gwangwanin fenti. Ya miƙa hannu ya kashe.