Igiyar Da Na Ce Ta Tsinke

Ni mutumin Damagaram ne. Shekarun da kuɗin fetur ya buɗe a Libiya, ko'ina a Sabha gini ake yi, ina saurayi mai ƙarfi da taurin kai, ba na so a ce na gaza. Wani ɗan garinmu da nake kira Yaya shi ya kawo ni, ya ba ni wurin kwana a ɗakinsa a unguwar Manshiya, ya tsaya mini wurin mudir, wato mai kula da ginin, har aka ɗauke ni lebura. Shi yana ƙasa yana kwaɓa siminti, ni ina saman bene ina jawo bokiti da igiya.

Tsayuwar yini ta sa jijiyoyin ƙafafuna suka kumbura, suka murɗe, ga zogi ba dama. Yaya ya gani, ya ce in je asibiti, in kuma riƙa jingina ƙafafuna da bango in mun tashi aiki. Na ƙi, don tsoron kada mudir ya ji ya sallame ni. Ranar Juma'a na sulale wurin wani wanzami, ya ce mataccen jini ne, ya tsaga, ya kafa ƙaho a kan jijiyar. Wayyo, jini ya ƙi tsayawa! Na ɗaure da tsumma, na rufe da wando, ban gaya wa kowa ba.

Washegari da jiri na tashi. Yaya ya tambaye ni ko lafiya, ya ce in huta, na ce masa garau nake. Da hantsi, bokiti cike ya kusa isowa sama, sai na ga gari yana juyawa, idona ya yi duhu, hannuna ya saki. A kafaɗar Yaya ta dama bokitin ya sauka. Da na sauko mutane suka rufu a kaina da tambaya, bakina ya ce igiya ce ta tsinke. Igiyar kuwa tana kwance gefensa, lafiyarta lau. Ya dube ta, ya dube ni. Da mudir ya tambaye shi a asibiti, ya ce haka ne, igiyar ta tsufa.

Hannun bai ƙara ɗaguwa ba, dole ya koma gida. Ranar tafiyarsa abu ɗaya ya ce mini, in kai ƙafafun nan asibiti. Na kai, aka ba ni safa mai matsewa, aka ce in riƙa hutawa. Shi ke nan abin da na guda! Ni na zauna na yi arziki. Bayan na dawo gida, shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, ina kallonsa yana kabbara da hannu ɗaya, kunya ta hana ni neman gafararsa har ya rasu.

'Yan'uwa, in jiri na ɗibar ku, ku faɗa, ku sauko, ku ga likita, kada ku bari a tsaga kumburarriyar jijiya. Ciwon a ƙafata yake, amma wanda ke tsaye ƙarƙashina shi ya rasa hannu.