Rub-da-cikin da Baba Mamuda ya ƙi

Kullum da safe, kafin masu koko su sauke tukunya, Malam Yahuza ya riga ya jingine babur ɗinsa a harabar asibiti a Ƙanƙara, ya buɗe ɗakin gashin ƙashi. Gado ɗaya ne a ciki, da tabarma, da fitilar gashi wadda ta girme ni. Shekara talatin da biyu ke nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda ya tafi shiru.

Masu ciwon baya ne mutanensa: manoman Tafoki, 'yan dakon masara daga Damari, matan da daka da shara suka ranƙwafar. Yakan ce musu tsakanin ƙashi da ƙashi na baya akwai wani abu mai taushi kamar gammo. In ya tsage sai ya matse jijiya, zafin ya gangara har ƙafa. Yawancinsu ba sa bukatar wuƙa. Wanda kuwa ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙwace masa, a ranar yake tura shi wurin masu tiyata.

Bara na kai masa yayan mahaifina, Baba Mamuda, na'ibin limami a wani masallaci a Ruwan Godiya. Buhu ya ɗaga, baya ya tsage. An yi ƙaho, an sha saiwoyi, wata biyu yana salla a zaune, har jama'a sun fara shawarar naɗa wani na'ibin. Masu hoton ƙashi a asibiti sun ce in bai samu sauƙi ba sai tiyata, shi kuma ya ce ba mai yanka shi.

Malam Yahuza ya duba shi, ya ce, "Baba, kwanta rub-da-ciki, ka dafa gwiwar hannu, ka ɗaga ƙirji."

"Rub-da-ciki? Malam likita, kwanciyar 'yan wuta ce wannan. Shekara arba'in ina hana 'ya'yana ita."

"Ai magani ne, Baba."

"To riƙe abinka. Ba ni yi."

Malam bai ja ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Tashi tsaye, kama ƙugu, banƙare baya a hankali. Sau goma bayan kowace salla. Carbi na hannunka, ba ka ɓata ƙirga."

"Wannan kuma miƙar su wa?"

"Ta mai gona, in ya kai ƙarshen kuyya."

Baba ya yi dariya, ya yi. Malam ya hana shi wuni a kwance, ya ce ya riƙa takawa zuwa masallaci da ƙafa. Bayan mako uku zafin ya bar sha-raɓa ya koma cinya, amma nan ya toge. Waccan kwanciyar ce ta rage.

Ranar wata Asabar sai ga Malam Yahuza a Ruwan Godiya, bisa babur ɗinsa, kan hanyar da kowa ya san lalacewarta. Bai nufi gidanmu ba, zauren liman ya sauka, ya durƙusa kamar ɗalibi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mai lalura fa, in lafiyarshi na cikin kwanciyar?" Liman ya aika aka kira Baba, ya karanta masa hukuncin lalura a gaban kowa. Baba ya ce, "To ku saki asabarin ƙofa, kada mutane su gani."

Wata huɗu bayan nan ya ja sallar La'asar a tsaye. Da ya ɗago daga ruku'u muryarsa ta karye. Ina sahu na biyu, ni ma ban iya riƙe hawayena ba.

Malam Yahuza, kai ne likitan da bai taɓa sa mara lafiya ya zaɓi tsakanin bayansa da imaninsa ba. Hannu mai sanyi, mai miƙar da wanda ya duƙa. Mun gode, Allah Ya miƙe maka hanya yadda ka miƙar da dattawanmu.

Ku kuma samarin da za ku gaji ɗakin nan, fitilar ta tsufa, a sauya ta ba laifi. Amma ranar da wani dattijo ya ce muku ba ya yi, kada ku rubuta masa taurin kai. Ku tambaye shi dalili, sannan ku tada babur.